Daga -atus zuwa -ado, -ato da -é: jagoran gina sifar aikatau a harsunan da suka fito daga Latin

Duk wanda yake cewa dafaffen nama, rufaffiyar ƙofa ko rubutattun wasiƙu ya riga ya san irin kalmar da za a yi bayani a kanta, sai dai da Hausa ya san ta. Daga aikatau dafa aka samo dafaffe, wato abin da aikin dafuwa ya riga ya faɗa wa, kuma kalmar tana bin jinsi da adadin abin da take sifantawa: dafaffe, dafaffiya, dafaffu. Ɗaliban Larabci sun san takwararta da sunan ismul maf'uli, irin su maktub da maftuh. Yaran makaranta a Nijar da Kamaru da Chadi kuwa suna fama da ita da sunan participe passé. A nan za mu kira ta sifar aikatau.

Hausa tana gina ta ne da maimaita baƙin ƙarshe na saiwar aikatau. Faransanci da Sifaniyanci da Fotugisanci da Italiyanci da Romaniyanci da Katalanci kuwa ɗafa-ƙeya suke amfani da ita, wato ɗafin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, kuma asalin ɗafin nasu ɗaya ne, daga Latin suka gaje shi. Wanda ya gane yadda ɗafin ya sauya a kowane harshe ba sai ya haddace dubban kalmomi ɗaya bayan ɗaya ba. Zai gina su da kansa, kuma idan ya iya ɗaya daga cikin harsunan zai riƙa gane kalmomin sauran.

Mataki na farko: ka riƙe wasula uku

A Latin, aikatau masu ƙarewa da -are suna ba da sifa mai ƙarewa da -atus ga namiji, -ata ga mace. Cantare (rera waƙa) ya ba da cantatus, amare (so) ya ba da amatus. Masu ƙarewa da -ire suna ba da -itus: finire (gama), finitus. Akwai na uku, -utus, wanda a Latin na littattafai kalmomi kaɗan ne suke da shi, kamar solutus (sakakke). Amma a bakin talakawan daular Rum ya yaɗu, ya mamaye aikatau masu ƙarewa da -ere, waɗanda sifofinsu na asali ba su da tsari guda mai sauƙin riƙewa.

Ke nan ginin gida uku gare shi: wasali (a, i ko u), sai baƙin t, sai ƙarshen da yake nuna jinsi da adadi. Siffar da harsunan yau suka gada ita ce ta karɓau (abin da aka yi wa aikin), wato -atum, -itum, -utum. Baƙin m na ƙarshe ya faɗi tun da wuri, u kuma ta koma o a wasu wurare, ta ɓace a wasu.

Mataki na biyu: ka bi sawun t

Masana suna jan layi a arewacin Italiya, daga garin La Spezia a gaɓar yamma zuwa Rimini a gaɓar gabas. Kudu da gabas da wannan layi, t da ke tsakanin wasula biyu ta zauna daram. Arewa da yamma da shi kuwa ta yi laushi ta koma d. Ga yadda cantatum ya kasance, namiji da mace, tilo sannan jam'i:

Italiyanci: cantato, cantata, cantati, cantate
Romaniyanci: cântat, cântată, cântați, cântate
Sifaniyanci da Fotugisanci: cantado, cantada, cantados, cantadas
Katalanci: cantat, cantada, cantats, cantades
Faransanci: chanté, chantée, chantés, chantées

Katalanci ya fi kowa nuna dalilin sauyin. A siffar namiji wasalin ƙarshe ya faɗi, sai baƙin ya tsinci kansa a ƙarshen kalma ana furta shi t. A siffar mace yana nan tsakanin wasula, sai ya fito a matsayin d. Lura kuma da jam'i: na yamma da s suke yinsa, Italiyanci da Romaniyanci kuwa da sauya wasali.

Faransanci ne ya yi nisa har ba a gane danginsa da kallo ɗaya. Abubuwa biyu suka same shi. T ta koma d, ta ƙara laushi, daga baya ta ɓace ƙurmus. Sannan wasalin a, idan nauyin furuci yana kansa kuma shi ne ƙarshen gaɓa, ya koma e. Wannan ba a sifar aikatau kaɗai ya faru ba, shi ya sa za ka iya gwada shi da wasu kalmomi. Pratum (makiyaya) ya zama prato a Italiyanci, prado a Sifaniyanci, pré a Faransanci. Vita (rayuwa) ta zama vita, vida, vie. Rota (ƙafar keke) ta zama ruota, rueda, roue. Da wannan ma'auni, -itum ya rage -i kawai (fini), -utum ya rage -u (vendu). Sakamakonsa shi ne siffofin nan huɗu na chanté duk furucinsu ɗaya ne, bambancin yana kan takarda kawai, kuma daga nan ne kurakuran rubutun Faransanci da yawa suke tasowa.

Sifaniyanci ma yana bin wannan hanya a baki. A Andalus da tsibiran Karibiyan, har da hirar yau da kullum a Madrid, za ka ji cansao maimakon cansado (gajiyayye). A fahimce shi idan an ji, amma a rubutu d tana nan.

Mataki na uku: gina kalmar

Ka ɗauki aikatau yadda yake a ƙamus, ka cire ƙarshensa, ka liƙa ɗafin ajinsa.

Ajin farko shi ne mafi girma kuma mafi aminci. A Faransanci duk aikatau mai -er yana ba da -é, ba togiya ko ɗaya, har da aller da ke da taurin kai a sauran wurare: allé. A Sifaniyanci -ar yana ba da -ado, a Italiyanci -are yana ba da -ato, in ban da fare wanda asalinsa facere ne. Kusan duk sabon aikatau da zamani ya kawo wannan aji yake shiga: télécharger (sauko da abu daga intanet) ya ba da téléchargé, cliccare ya ba da cliccato, clicar na Fotugisanci ya ba da clicado.

Ajin -ir ko -ire yana ba da -ido, -ito, -i: partido, partito, parti, dormido, dormito, dormi.

A aji na uku ne harsunan suka rabu biyu. Italiyanci da Faransanci da Katalanci da Romaniyanci sun riƙe u: venduto da vendu (wanda aka sayar), perdut a Katalanci (ɓatacce), avut a Romaniyanci. Sifaniyanci da Fotugisanci suna da -udo a da, ana ganin irin su tenudo da sabudo a tsoffin rubuce-rubuce, amma sun bar shi sun haɗe ajin da na -ir: vendido, perdido, tenido a Sifaniyanci, tido a Fotugisanci. Kalmar conteúdo (abin da ke ciki) ta Fotugisanci ragowar wancan zamani ce. Mai Faransanci da yake koyon Sifaniyanci ya riƙe wannan: inda ka saba da -u, a can -ido ne.

Bayan liƙa ɗafi sai a duba rubutu, domin a nan ake yin tuntuɓe. A Sifaniyanci, idan saiwa ta ƙare da a, e ko o, ana ɗora alama a kan i don a nuna gaɓa ce mai zaman kanta: leído, caído, traído, oído. Idan da u ta ƙare ba a ɗorawa: construido, huido. Fotugisanci kuwa yana ɗorawa a nan ma: construído. A Italiyanci c da sc suna yin tauri a gaban u, don haka ake cusa i don a tsare furucin saiwar: conoscere ya ba da conosciuto, piacere ya ba da piaciuto. Faransanci yana magance irin wannan matsala da 'yar wutsiyar nan ta ƙarƙashin c: reçu, déçu, aperçu. Amma commencé ba ya buƙatarta, tunda c a gaban é dama s ake furta ta. Devoir yana ba da dû mai 'yar hula a kan u don a bambanta shi da du, kuma hular tana faɗuwa a sauran siffofin: due, dus, dues. Créer kuwa saiwarsa ma da é ta ƙare, sai a samu créé, mace créée, da e uku a jere, kuma daidai ne.

Mataki na huɗu: waɗanda ba sa bin ƙa'ida

Wasu aikatau na Latin ba su da wasalin nan na tsakiya, t ko s tana manne da saiwa kai tsaye. Da yake su ne aka fi amfani da su kullum, ba su bari an daidaita su ba. Haddarsu dole ce, amma a haddace su dangi-dangi.

Dangin ct su ne mafi daɗin koyo. Wannan haɗi na Latin ya zama ch a Sifaniyanci, it a Fotugisanci da Faransanci, tt a Italiyanci. Dare (noctem) ya zama noche, noite, nuit, notte. Takwas (octo) ya zama ocho, oito, huit, otto. Haka factum (aikatacce) ya zama hecho, feito, fait, fatto, dictum (faɗaɗɗe) kuma ya zama dicho, dito, dit, detto.

Sai dangin rt: abierto, aberto, ouvert, aperto (buɗaɗɗe), cubierto, coberto, couvert, coperto (rufaffe), muerto, morto, mort, morto (matacce). Scriptum ya ba da escrito, écrit, scritto. Dangin s sun fi yawa a Italiyanci da Faransanci da Romaniyanci: preso da pris (ɗaukakke), messo da mis (ajiyayye), chiuso (rufaffe), scris da mers na Romaniyanci.

Kusan duk aikatau da aka yi wa ɗafa-goshi, wato ɗafin da ake liƙawa a farkon kalma, yana bin uwarsa. Idan ka san écrit ka san décrit da inscrit, idan ka san pris ka san compris da appris, idan ka san puesto ka san compuesto da supuesto.

Ga masu Faransanci akwai dabara mai sauƙi ta sanin baƙin ƙarshe da ba a furtawa. Ka mayar da kalmar mace ka saurara. Une lettre écrite, ka ji t, to écrit ne. Une décision prise, ka ji z, to pris ne da s. Une tâche finie, ba ka ji komai ba, to fini ne, ba finit ba, ba kuma finis ba.

Wasu aikatau sifa biyu gare su, doguwa da gajeriya. A Fotugisanci ƙa'idar makaranta ita ce doguwar tana bin mataimakan aikatau ter da haver (masu nuna aikin da ya riga ya wuce), gajeriyar tana bin ser da estar (masu ma'anar kasancewa): tinha entregado a carta (ya riga ya miƙa wasiƙar), amma a carta foi entregue (an miƙa wasiƙar). Haka prendido da preso, acendido da aceso, matado da morto. A Sifaniyanci uku ne kawai siffofinsu biyu duka suke aiki da haber (takwaran haver): freído da frito, imprimido da impreso, proveído da provisto. Sauran irin su despierto (a farke) da confuso sifofi ne zalla, ba a cewa he despierto, sai he despertado.

Mataki na biyar: jituwa

Wannan ne matakin da ya kamata a ba lokaci. Sifar aikatau ayyuka uku take yi: tana sifanta suna kai tsaye, tana gina jimlar da Hausa take faɗa da "an" ko "aka", tana kuma haɗuwa da aikatau mataimaki don a nuna aikin da ya riga ya wuce. A biyun farko jituwa wajibi ce a dukkan harsunan, kamar yadda ba za ka ce dafaffen miya ba: la puerta cerrada, la porte fermée, le porte chiuse, las cartas fueron enviadas. A na uku ne kowa ya kama gabansa.

Sanin asalin abin yana rage ruɗu. A Latin ana cewa habeo litteras scriptas, wato ina da wasiƙa rubutacciya. Sifar tana sifanta wasiƙar ne, don haka take jituwa da ita. A hankali ma'anar ta zame daga "ina da ita a rubuce" zuwa "na rubuta ta", aikatau na mallaka ya zama mataimaki kawai. Wasu harsunan sun yar da jituwar baki ɗaya, wasu sun riƙe guntunta.

Sifaniyanci da Fotugisanci da Romaniyanci su ne suka yar. Bayan haber, ter ko a avea, sifar tana zama a siffar namiji tilo ko wane ne ya yi aikin: ella ha llegado, ellas han llegado, las cartas que he escrito. Tsohon ginin yana nan a Sifaniyanci amma da tener: tengo escritas dos cartas. Gargaɗi ɗaya game da Fotugisanci: tenho falado ba daidai yake da he hablado ba, yana nufin na yi ta magana a 'yan kwanakin nan.

Faransanci da Italiyanci mataimaka biyu gare su: être da avoir a Faransanci, essere da avere a Italiyanci. Aikatau na tafiya da sauyin hali suna ɗaukar être ko essere, kuma sifar tana jituwa da aikau, wato mai yin aikin: elle est partie, ils sont arrivés, lei è partita, sono arrivati. A Faransanci jerin gajere ne: aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, naître, mourir, rester, tomber, retourner, da 'ya'yansu irin su devenir da rentrer. Na Italiyanci ya fi tsawo, har da piacere da costare da essere kansa, shi ya sa Bafaranshe yake cewa j'ai été, Ba'italiye yana cewa sono stato. Idan ɗaya daga cikin waɗannan aikatau na Faransanci ya samu karɓau, sai ya koma avoir: elle est sortie (ta fita), amma elle a sorti la voiture (ta fitar da mota).

Da avoir kuwa, a manta da aikau kwata-kwata. Kuskuren da ake yawan gani a takardun ɗalibai shi ne elle a mangée, don an ga mace ce ta ci. Daidai shi ne elle a mangé. Hanyar da ta fi aiki ita ce wannan: kana rubutu daga hagu zuwa dama, da ka iso kan sifar sai ka dakata ka tambayi kanka, mene ne aka yi wa aikin, kuma na riga na rubuta shi? Idan bai zo ba tukuna, ko ma babu shi, ka bar sifar yadda take: j'ai acheté des mangues. Idan ya riga ya wuce, ka jitu da shi: les mangues que j'ai achetées, je les ai achetées, quelle lettre as-tu écrite? Ana danganta tsara wannan ƙa'ida ga mawaƙin nan Clément Marot a ƙarni na 16, kuma Italiyanci ya duba. Shi Italiyancin yau ya sassauta: dole ne a jitu da lo, la, li, le (le ho comprate), amma da mi, ti, ci, vi zaɓi ne, bayan che kuma yawanci ba a jituwa.

Akwai ramuka huɗu a Faransanci da ya kamata a san inda suke. Karɓau na kai tsaye ne kawai yake jawo jituwa, ba wanda à take gabata ba, irin wanda Hausa takan nuna da wa, masa, mata. Don haka je leur ai parlé, ba ƙari. Aikatau masu se duk être suke ɗauka, amma tambayar karɓau ce take hukunci: elle s'est lavée (kanta ta wanke), elle s'est lavé les mains (hannuwa ta wanke, kuma sun zo daga baya), ils se sont parlé (sun yi wa juna magana). Da en ba a saba jituwa ba: des mangues, j'en ai mangé, alhali Italiyanci yana cewa ne ho mangiate due. Sannan fait idan wani aikatau ya biyo shi ba ya sauyawa: la robe que j'ai fait coudre. Gyaran rubutu na 1990 ya ba da shawarar a yi wa laissé haka shi ma.

Masu rubuta wasiƙun ofis su ƙara da ci-joint, wato abin da aka haɗa da wasiƙa. A farkon jimla, ko a gaban sunan da ba shi da le, la ko une, ba ya sauyawa: ci-joint les pièces demandées, veuillez trouver ci-joint copie du contrat. Bayan suna kuwa sifa ce kamar kowace: les pièces ci-jointes.

Mataki na shida: -é ne ko -er?

Mangé, manger da mangez furucinsu ɗaya. Kunne ba zai taimaka ba, sai a ari aikatau daga wani aji wanda siffofinsa suka bambanta a baki, kamar vendre. Ka sa shi a gurbin ka ji wanne ya zauna. Il a vendu ya zauna, to il a mangé. Il va vendre ya zauna, to il va manger. Vous vendez, to vous mangez. Ma'anar jimlar ko da ta lalace ba komai, tsarin ake nema. Gwajin yana warware har irin je vais vous appeler, inda vous take yaudarar hannu ya rubuta -ez: je vais vous vendre ake cewa, don haka -er ne.

Mataki na bakwai: lokacin da ta zama sifa sosai

Hausa tana bambanta an rufe ƙofa da ƙofa tana rufe. Na farko aiki ne, na biyu hali ne da aikin ya bari. Sifaniyanci da Fotugisanci suna yin wannan bambanci da ser da estar, kuma Bahaushe ya fi mai Faransanci saurin kama shi: la puerta fue cerrada, an rufe ƙofa; la puerta está cerrada, ƙofa tana rufe. Duk inda Hausa za ta ce a buɗe, a zaune, a dafe, a karye, estar ake sa wa: está abierta, está sentado, está roto. Faransanci être ɗaya gare shi, sai mahallin magana ya raba.

A wasu sifofi sauya mataimakin yana juya ma'anar gaba ɗaya. Está aburrido, ya gundura. Es aburrido, shi ne mai gundurar da mutane. Está cansado, ya gaji. Es cansado, abu ne mai gajiyarwa. Wasu kuma, ko da yake ƙirarsu ta wanda aka yi wa aiki ce, mai aikin suke nufi: un hombre leído mutum ne mai yawan karatu, callado mai yawan shiru, atrevido mai tsaurin ido, réfléchi a Faransanci mai tunani kafin ya yi abu. Hausa ma tana da irinsu, ai gogagge da wayayye ba wani ne ya goge su ko ya wayar da su ba.

Kada a haɗa wannan ɗafi da ɗan'uwansa -ante, -ente, -ant, wanda yake nuna mai jawo abin. Intéressé shi ne wanda abu ya ja hankalinsa, intéressant shi ne abin da yake jan hankali. Haka fatigué da fatigant, interesado da interesante.

Alamar cewa kalma ta zama cikakkiyar sifa ita ce ta karɓi muy, très ko molto, ta karɓi ƙarin ƙarfafawa kamar cansadísimo, ta karɓi ɗafa-goshin korewa kamar inesperado, inattendu, inaspettato (wanda ba a zata ba), ko ta haifi bayanau, wato kalmar da take nuna yadda aka yi aiki. A Sifaniyanci da Fotugisanci da Italiyanci, -mente a kan siffar mace ake liƙa shi, domin asalinsa sunan mace ne a Latin mai nufin hankali: afortunadamente, fortunatamente. A Faransanci e ta mace ta faɗi: assurément, modérément.

Ɗafin yana kuma hawa kan suna kai tsaye ba tare da aikatau a tsakani ba, kuma a nan fassararsa ita ce "mai". Tun a Latin akwai barbatus (mai gemu), alatus (mai fukafukai), dentatus (mai haƙora). Yau akwai alado, alato, ailé. Stellato da étoilé (mai taurari). Âgé (mai shekaru). Sifaniyanci yakan haɗa da a- a goshi: dinero (kuɗi) ya ba da adinerado, naranja (lemo) ya ba da anaranjado, mai launin lemo. Sunayen wurare da dama daga nan suke: jihar Nevada ta Amurka ma'anar sunanta mai dusar ƙanƙara, Colorado kuma mai jan launi.

Shi -udo da Sifaniyanci ya kora daga aikatau a nan ya samu mafaka, da ma'anar mai abu da yawa ko mai ƙaton abu, galibi a jikin mutum: barbudo, peludo (mai gashi buzu-buzu), orejudo (mai manyan kunnuwa), narigudo. Faransanci yana da barbu, poilu, ventru (mai tumbi), têtu (mai taurin kai), Italiyanci yana da barbuto. Yawancinsu suna da ɗan kaushi idan aka jefi mutum da su a gabansa, a yi hattara.

Sunayen da suka fito daga ɗafin, da masu kama da shi

Siffar mace, -ata, ta haifi sunaye masu yawa, kuma ma'anoninsu sun taru wuri huɗu. Akwai aikin kansa: entrada, entrata, entrée (shiga); llegada, chegada, arrivée (isowa). Akwai cikin ma'auni: cucharada, cucchiaiata, cuillerée (cikin cokali). Akwai tsawon lokaci: jornada, giornata, journée (wuni), shi ya sa jour yake ranar da ake ƙirgawa, journée kuma wunin da aka shafe. Akwai kuma bugu da wani abu: puñalada, facada, coltellata (sukar wuƙa). Faransanci ya sake aro ɗafin daga maƙwabtansa na kudu da d ɗinsa, shi ne -ade na salade, limonade da promenade. Malamai kuma sun ɗauko wasu kai tsaye daga littattafan Latin da -at: candidat, certificat, résultat. Wani lokaci kalma ɗaya takan shigo ta hanyoyin biyu, kamar advocatus da ya ba da avocat ta hannun malamai, ya ba da avoué ta bakin jama'a.

Ba duk -é ba ne na wannan gida. Sunayen mata masu -té, irin su liberté, santé, vérité, daga -tatem suke, takwarorinsu su ne libertad, liberdade, libertà. Ba a ƙara musu e duk da cewa mata ne. Idan kana shakka, ka nemi aikatau a bayan kalmar: dictée tana da dicter, montée tana da monter, don haka -ée, santé ba ta da. Lycée da musée kuma maza ne masu asalin Girkanci, ba ruwansu da -ata. Été guda biyu ne: na j'ai été daga statum yake, ɗan'uwan estado da stato, na lokacin zafi kuwa daga aestatem, ɗan'uwan estate na Italiyanci.

Mai Faransanci da ya shiga Sifaniyanci ya kula da canté, hablé, llegué. Idonsa zai ce masa sifar aikatau ce, alhali aikatau ne cikakke na shuɗaɗɗen lokaci mai nufin na rera, na yi magana, na iso, kuma ba ya ɗaukar mataimaki. J'ai parlé a Sifaniyanci ko dai hablé ne shi kaɗai, ko he hablado. A Italiyanci ma cantate tana iya zama jam'in mata na sifa, tana iya zama kuna rerawa ko ku rera, sai a duba ko akwai suna ko mataimaki kusa da ita kafin a yanke.